Rahoton Farfe da Akwatin Zaɓe: Leƙen Asiri da Rashin Hisabi a Nijar

Aikin tattara bayanan sirri a Jamhuriyar Nijar a hannun ɓangaren zartarwa yake gaba ɗayansa. Hukumar leƙen asiri ta DGDSE tana ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, 'yan sandan farin kaya suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarmomi kuma suna bin ma'aikatar tsaro. Ma'aikatar cikin gidan nan dai ita ce ke riƙe da gwamnoni da farfe-farfe da sarakunan gargajiya, ita ce kuma ke ba jam'iyyu takardar izini kafin a rusa su a 2025. Saboda haka idan aka yi zargin cewa jami'an tsaro sun sa hannu a zaɓe, wanda za a kai wa ƙara da wanda ake ƙara kusan gida ɗaya suke kwana. Tarihin ƙasar tun daga 1958 ya nuna cewa irin wannan zargi ba safai yake ƙarewa da bincike ba. Ko dai a rufe shi da afuwa, ko juyin mulki ya share shi, ko kuma a bar shi ya mutu don kansa.

Ana iya ganin yadda lamarin ke aiki a gundumomi uku na jihar Maraɗi da ke kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wato Gidan Rumji ta yamma da birnin Maraɗi, da Agye da Gazawa ta gabas. Ƙidayar 2012 ta ba jihar mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, don haka babu ɗan takarar da zai yi wasa da ƙuri'unta. A nan leƙen asiri ba wani ofishi ne mai na'urori ba. Mai gari ya san gidan da aka yi taron dare da wanda ya kawo buhunan hatsi aka raba. Labarin yakan hau zuwa fadar sarki, ya biya ta birgad ɗin jandarma, ya shiga rahoton da farfe ke aika wa gwamna, daga can ya wuce Yamai. Babu laifi a kafa irin wannan sarƙa, kowace gwamnati tana bukatar sanin halin da ƙasarta ke ciki. Inda gizo ke saƙa shi ne, wanda aka rubuta sunansa a rahoton ba shi da hanyar ganinsa, kuma babu alƙali ko ɗan majalisa da ke duba abin da aka yi da shi.

Tsarin ya girmi 'yancin kai. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ke riƙe da gwamnatin yankin, ta yi kira da a ce "a'a" ga tayin Janar de Gaulle. Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya sa kumandoji da sarakuna suka yi aiki don "i", aka kuma jibge sojoji a ƙasar. An bayyana cewa "i" ta sami kusan kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 ba. A zaɓen majalisa na 14 ga Disamba na wannan shekara, Sawaba ta yi nasara a mazaɓun Tasawa da Damagaram, sai aka soke sakamakon duka biyun bisa zargin maguɗi. Kujerun Tasawa aka miƙa wa abokan hamayyarta, a Damagaram kuma aka sake zaɓe a 1959 ba tare da Sawaba ba. Agye da Gazawa a lokacin suna cikin ƙasar Tasawa, ke nan kakannin masu zaɓe na yau suna cikin waɗanda aka fara juya wa ƙuri'a da sunan gyara maguɗi. Wannan shi ne darasin farko da hukuma ta koya: binciken maguɗi shi kansa yana iya zama makami.

A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta koma ta jam'iyya ɗaya. Ma'aikatar cikin gida ta zauna a hannun Diamballa Yansambu Maiga har zuwa juyin mulkin 1974, ofishin 'yan sandan siyasa na BCL kuma ya zama abin tsoro, musamman bayan yunƙurin tawayen Sawaba na 1964. Da Saini Kunce ya hamɓarar da Shugaba Diori Hamani bai rushe ofishin ba, ƙara masa ƙarfi ya yi, ya damƙa shi ga na hannun damansa Amadu Umaru, wanda aka fi sani da Bonkano. Wannan Bonkano ne ya shirya yunƙurin kifar da Kunce a Oktoban 1983, ya tsere daga ƙasar. Hukumar da babu mai duba ta, ko ubangidanta bai tsira daga gare ta ba.

Sau ɗaya ne aka yi ƙoƙarin buɗe waɗannan kundaye a bainar jama'a, a Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 bisa jagorancin Farfesa André Salifu. Taron ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin zarafi, ya saurari batun ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 da kashe-kashen Cintabaraden, har Shugaba Ali Shaibu ya bayyana gabansa. Mutane a ƙauyuka sun kasa kunne ga rediyo suna jin manyan hafsoshi na amsa tambaya, abin da ba a taɓa gani ba. Sai dai taron ya fi mai da hankali ga wanda ya yi laifi jiya, bai bar wata tsayayyar hanya ta sa ido a kan hukumomin gobe ba. Sunan BCL ya ɓace, aikin kuwa ya sake suna ya ci gaba.

Shekaru biyar kacal bayan haka aka yi katsalandan mafi fili a tarihin zaɓen ƙasar. Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ya kifar da Mahaman Usman ranar 27 ga Janairu 1996, ya tsaya takara a zaɓen 7 da 8 ga Yuli. Ana tsakar tattara sakamako ya rusa hukumar zaɓe ta CENI, ya kafa wata tasa, jami'an tsaro suka yi wa sauran 'yan takara huɗu ɗaurin talala a gidajensu: Mahaman Usman, Tanja Mamadu, Mahamadu Isufu da Mumuni Adamu Jarmakoye. Sabuwar hukumar ta ba shi kashi 52 da ɗoriya tun a zagayen farko. A zaɓen ƙananan hukumomi na 7 ga Fabrairu 1999, da alamu suka nuna 'yan adawa na kan gaba, an far wa wuraren tattara sakamako an lalata takardu, kotun ƙoli kuma ta soke zaɓen a wurare da dama. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin, ranar 9 ga Afrilu, dogaran fadarsa suka harbe Ba'are a filin jirgin saman Yamai, gwamnati ta kira abin hatsari.

A nan ne afuwa ta shigo. Tsarin mulkin 1999 ya yafe wa waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999 a aya guda, na 2010 shi ma ya yafe wa sojojin da suka kifar da Shugaba Tanja ranar 18 ga Fabrairun wannan shekara. Masu kare afuwar suna cewa ba don ita ba da soja bai yarda ya koma bariki ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma kuɗin da aka biya yana da yawa. Wanda ya ba da umarnin kwashe takardun zaɓe, da wanda ya ɗauka, da wanda ya rubuta rahoton da aka kafa hujja da shi, duk sun ci gaba da aikinsu, kuma na bayansu sun gani. Iyalan Ba'are sai da suka je kotun ƙungiyar CEDEAO kafin a saurare su. A Oktoban 2015 kotun ta umarci Nijar ta biya su diyyar sefa miliyan 435.

Daga nan salon ya sauya. Maimakon kwashe akwati, sai aka koma ga kundin tuhuma. Ranar 17 ga Disamba 2015, saura wata biyu zaɓe, Shugaba Isufu ya sanar da cewa an murƙushe wani yunƙurin juyin mulki. An kama hafsoshi, ciki har da Janar Sulaiman Salu, tare da wasu fararen hula na jam'iyyar Lumana ta Hama Amadu, wanda shi kansa yana tsare a kurkukun Filinge tun watan Nuwamba kan wata shari'a daban. Daga kurkuku ya yi takara, ya zo na biyu, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, Isufu ya sami sama da kashi 92. Kotun soja ba ta yanke hukunci kan hafsoshin ba sai a Janairun 2018. Ko yunƙurin gaskiya ne ko akasin haka, mai zaɓe a Gazawa ya jefa ƙuri'arsa bisa labarin da hukumomin sirri kaɗai suka san tushensa, kuma gwamnatin da ke neman tazarce ce ta zaɓi ranar da za a faɗa masa.

A ƙarshen watan Mayun 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar sauraren wayoyi da saƙonnin jama'a, 'yan adawa suka fice daga zauren suna cewa ta saɓa wa aya ta 29 ta tsarin mulki, wadda ta kare sirrin saƙonni. Dokar ta sa izinin saurare a hannun shugaban ƙasa, ba alƙali ba, kuma masu suka sun nuna cewa kwamitin da aka ce zai sa ido ɓangaren zartarwa ne ke da rinjaye a cikinsa. An ba kura ajiyar nama ke nan, ana saura wata bakwai zaɓe. Da CENI ta bayyana ranar 23 ga Fabrairu 2021 cewa Mohamed Bazum ya doke Mahaman Usman da kusan kashi 55 da ɗigo 7, tarzoma ta ɓarke, aka katse intanet na wayar hannu har kwana goma, ministan cikin gida ya ce an kama mutum 468. A karkara katsewar ta fi ciwo fiye da yadda ake zato. Wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe ta ajin makarantar ƙauye, inda ake ƙirga ƙuri'a da hasken tocila, babbar shaidarsa ita ce takardar sakamako da hoton da ya ɗauka da wayarsa kafin a ɗora akwati a mota. A kwanakin da ake haɗa ƙorafi zuwa kotun tsarin mulki ne aka toshe hanyar da hoton ke bi.

Ba za a ce babu bukatar jami'an sirri a lokacin zaɓe ba. Ƙauyukan Gidan Sori da Tsibirin Gobir da ke kusa da iyakar Najeriya sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, tun daga 2019 kuma dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato suka kwararo cikin gundumar Gidan Rumji. A ranar zagaye na biyu na 2021 nakiya ta hallaka ma'aikatan CENI bakwai a yankin Dargol na jihar Tillaberi. Wanda zai kai akwati irin waɗannan wurare dole ya san hanyar da ke da lafiya. Amma hujjar tsaro ita ce kuma ke ba da damar hana taron wata jam'iyya ko rufe wata rumfa, kuma idan ba a rubuta dalili a inda wani zai iya dubawa daga baya ba, babu mai iya bambance tsaro na gaskiya da son rai.

Sauran ƙasashe ba su fi Nijar tsarkin jami'ai ba, abin da wasu suka fi ta shi ne takarda. A Amurka, babban sufeton ma'aikatar shari'a Michael Horowitz ya fitar da rahoto a Disamban 2019 da ya lissafa kurakurai 17 a takardun da FBI ta nemi izinin sauraren wani mai suna Carter Page da su, a binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016. Wani lauyan hukumar ya amsa laifin sauya saƙon imel. Har yau jam'iyyun ƙasar biyu ba su daidaita kan ma'anar rahoton ba, amma gardamarsu a kan rubutaccen abu take. A Najeriya, da jami'an hukumar tsaron farin kaya ta DSS suka tare ƙofar majalisar tarayya ranar 7 ga Agusta 2018, muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura, a ranar. Mataki ne mai sauri, sai dai sallama hukuncin ubangida ne a kan yaronsa, ba hisabi gaban jama'a ba.

Abin da Nijar ta rasa ba shi da wuyar faɗa: izinin alƙali kafin saurare, kwamitin majalisa mai 'yan adawa a ciki wanda zai iya kiran shugaban hukuma ya kuma karanta kundi, da dokar da za ta tilasta adana rahotannin farfe da na jandarma na lokacin zaɓe don kotu ta iya nema. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ma wuraren da za a kafa waɗannan sun kau. An dakatar da tsarin mulki da majalisa, ƙasar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, a watan Maris na wannan shekara kuma aka rusa jam'iyyu, aka rantsar da Janar Abdurrahman Tiani na wa'adin shekara biyar. A Afrilun 2024 an riga an rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, don haka a Agye da Gazawa da Gidan Rumji kantomomin da aka naɗa daga Yamai ne ke zaune a ofisoshin magadan gari, inda ake ajiye rajistar haihuwa da sauran takardun da ake dogara da su wajen tantance masu zaɓe.