Yadda Layin Dogo Ya Kauce wa Wudil

Mutumin Dagumawa, a yankin Wudil, in tafiya ta kama shi zuwa Kano, bakin titi yake fitowa ya tsai da mota, ko ya ƙarasa tashar Wudil ya jira ta cika. Jirgin ƙasa ba ya cikin lissafinsa, alhali dogo ya fi shekara 110 da isowa Kano. Dalilin haka yana cikin yadda aka zana layin tun farko.

A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, zuwa Kano, lokacin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne. Layin ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe shi da na Legas ƙarƙashin hukuma ɗaya. Auduga suke hari, don masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano kuwa suka auna, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu ƙauyuka suna saye, har aka wayi gari buhunan sun fi ƙarfin taragu, ana jera su dala-dala suna jiran jirgi.

Duk reshen da aka yi bayan nan, kaya ya bi. Na Zariya zuwa Ƙaurar Namoda an gama shi a 1929. Na Kano zuwa Nguru, a 1930, ya yi arewa maso gabas ta Ringim da Malam Madori, inda gyaɗa da shanu da fatu suke taruwa. Da aka tashi kai dogo Maiduguri kuma, daga Kuru kusa da Jos aka ɗauko shi, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa a 1964. Wudil, wadda take kan hanyar Kano zuwa Borno, sai ta tashi da gada da kwalta. Shi ya sa har gobe shanun da ake cinikinsu a karar Wudil ran Juma'a a tirela suke tafiya Kudu.

Fasinja dai cin arzikin gyaɗa ya yi. An yi layin ne don ya kai amfanin gona bakin teku, ba don ya sada Kano da Sakkwato ko Katsina ba, biranen da tsohon dogo bai taɓa shiga ba. Duk da haka mutane sun rungume shi: a 1964 fasinjojin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, sun haura miliyan 11. Sai man fetur ya zo, gyaɗa ta ja baya, gwamnati ta zuba kuɗi a tituna, motocin haya da manyan motocin kaya suka ƙwace ciniki. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe hukumar na 'yan shekaru, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. Zuwa 2003 fasinja bai kai miliyan 2 ba. Da aka maido da jirgin Legas zuwa Kano a Disambar 2012, tafiyar kilomita 1,126 sai ta ci awa 30 ko fiye.

Ana yawan ɗora laifin a kan ƙunci na tsohon layin, mai faɗin milimita 1,067. Ban yarda da wannan uzurin ba. Mafi yawan layukan Japan daidai wannan faɗin ne, kuma a kansu miliyoyin ma'aikatan Tokyo suke zuwa aiki kullum, jirgi na isowa a kan minti. A 1964 ɗin da muke murnar isa Maiduguri, su suka buɗe layinsu mai tsananin gudu tsakanin Tokyo da Osaka, amma ba su yasar da tsohon ba. Indiya ma gadon Turawan Ingila ta ci kamar mu. Jirginta na fasinja ya fara tafiya a 1853, yau layukanta sun haura kilomita 65,000, talaka ne kuma ya fi cika taragun. Abin da ya raba mu da su shi ne gyara na yau da kullum da jadawalin da ba ya tashi.

Alhazanmu ma sun gani da idonsu: tun 2018 jirgi yake haɗa Makka da Madina, kusan kilomita 450, cikin ƙasa da awa uku.

Sabon zubi a nan gida ya fara ne da layin Abuja zuwa Kaduna a Yulin 2016, wanda ya cika maƙil don mutane suna gudun masu garkuwa a hanyar mota, har harin 28 ga Maris, 2022 ya tsai da shi wata takwas. A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Abin da ya shafi mutanen yankin Wudil a ciki shi ne reshen da zai tashi daga Kano zuwa Dutse ta wajen Gaya. Can ɗaya bakin kuma, Maraɗi za ta karɓi jirgi a ƙasar da ba ta da ko ɗaya mai aiki. Dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, aka yi masa biki a 2016, har yau bai fara jigilar fasinja ba.