Ma'aikaci ɗaya, layi biyu: yadda shafin intanet ya koyi jira

Duk wanda ya taɓa tura saƙo ta burauza a Bagudo ko wajen iyakar Tsamiya, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ya san wannan: saƙon bai tafi ba tukuna, amma shafin bai daskare ba, kana ci gaba da rubutu. To, abin yana da tarihi.

A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a kamfanin Netscape, cikin kwana 10 kacal. Yaren nan ma'aikaci ɗaya gare shi, ba ya haɗa aiki biyu. Kamar mai shayin da ba shi da yaro ne: in ya tsaya kallon tukunya har ta tafasa, kowa ya sha zama. Sai ya ɗora ruwa, ya koma yankan burodi. Burauza ce ke gadin tukunyar, da ta tafasa sai ta saka aikin zuba shayi a layi. Abin da ke miƙa masa aiki daga layin duk sa'ad da hannunsa ya sarara, shi ake kira event loop.

A 1999 Microsoft ya saka XMLHTTP cikin Internet Explorer 5, shafi ya samu damar neman bayani ba tare da an sake lodinsa ba. Ba a damu da shi sosai ba sai da Gmail ya fito a 2004, Google Maps a 2005. Shekarar nan Jesse James Garrett ya raɗa wa salon suna Ajax. A 2009 Ryan Dahl ya kai dabarar kan saba da Node.js.

Amma fa masu rubuta manhaja sun sha wuya: "in wannan ya gama yi wancan, in wancan ya gama yi na gaba", har rubutu ya cukuikuye. Promise ya shiga yaren a 2015, async da await a 2017.

Ga inda masu koyo ke faɗuwa: layin ba ɗaya ba ne. Ayyukan Promise suna da ƙaramin layinsu, kuma sai an ƙarar da shi kaf kafin a waiwayi babban. Shi ya sa ko sifili ka ba setTimeout, Promise da ya riga ya cika zai riga shi. Kuma await bai ɗauko wa mai shayi yaro ba. Ka ba shi lissafi mai nauyi na daƙiƙa 5, maɓallan shafin ba za su amsa ba sai ya gama.