Shafi Goma da Layi Shida: Tarihin Wata Gardama Kan Ƙidayar Kalmomi

Ƙidayar kalmomi ta girmi kwamfuta. A shekarar 1898 Friedrich Kaeding ya wallafa sakamakon ƙirga kalmomin Jamusanci kusan miliyan 11, aikin da ɗaruruwan mutane suka yi da hannu domin a kyautata tsarin rubutun gaggawa. Da kwamfuta ta samu, aikin ya koma na ɗan lokaci kaɗan. Tsarin Unix, wanda aka ƙera a Bell Labs a Amurka, ya fito tun 1971 da wata ƙaramar manhaja mai suna wc, wadda har yau ake amfani da ita wajen ƙirga layuka da kalmomi da haruffan fayil.

Gardamar da ta fi shahara a wannan fage ta auku ne a 1986. Jon Bentley, mai rubuta wani shafi a mujallar Communications of the ACM, ya nemi Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya nuna sabon salonsa na rubuta manhaja, wanda ake haɗa umarnin kwamfuta da bayani mai daɗin karatu kamar littafi. Aikin da aka ba shi mai sauƙin faɗa ne: a karanta fayil, a gano kalmomin da suka fi yawan fitowa, a jera su tare da adadinsu.

Knuth ya amsa da manhaja mai kimanin shafi 10 bisa harshen Pascal, ya kuma gina mata wani tsari na musamman na adana kalmomi domin a riƙa samo su da sauri. Aka ba Doug McIlroy ya yi sharhi. Shi ne mutumin da ya kawo shawarar a riƙa jona manhajoji kamar bututun ruwa, abin da ɗaya ta fitar ya shiga bakin ta gaba. Ya yaba fasahar Knuth, sannan ya warware matsalar da umarni 6 kacal. Na farko ya ajiye kowace kalma a layinta, na biyu ya mai da manyan baƙaƙe ƙanana, na uku ya jera kalmomin bisa haruffa har masu kama da juna suka taru wuri guda, na huɗu ya ƙirga kowane rukuni, na biyar ya jera su bisa yawa, na shida ya yanke adadin da ake bukata.

Ana yawan ba da labarin kamar McIlroy ne ya yi nasara, amma adalci shi ne a tuna cewa an nemi Knuth ya baje kolin salon rubutu ne. Hujjar McIlroy kuwa ita ce injiniya na gari yana fara duba kayan aikin da ke hannunsa kafin ya ƙera sabo, kuma ƙananan sassa sun fi sauƙin gwadawa da gyarawa.

Akwai abin da ya shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. Umarnin farko na McIlroy ya ɗauki haruffan Ingilishi 26 kaɗai a matsayin haruffa, duk wani abu kuwa rabuwar kalma ce. Idan aka ba shi rubutun Hausa, zai zubar da ƙ da ɗ da ɓ: "ɗaya" ta koma "aya", "ƙasa" ta koma "asa", "kaɗan" ta rabu biyu, "ka" da "an". Lissafin zai fito tsaf, ba tare da wani gargaɗi ba, alhali kuwa kuskure ne. Tsarin Unicode da aka fitar a 1991 ya bai wa waɗannan haruffa lambobinsu, amma tilas mai rubuta manhaja ya sanar da ita cewa haruffa ne. Saboda haka duk mai ƙirga kalmomin Hausa, domin ƙamus ne ko domin bincike, sai ya fara tsayar da abin da yake kira kalma kafin ya amince da alƙaluman.