Ma'anar Kalmar Kufai da Yadda Ake Amfani da Ita a Ƙasar Zazzau

Kufai, ko kufayi, shi ne wurin da mutane suka taɓa zama a zamanin da, suka tashi suka bar shi, amma alamun zamansu ba su gushe ba. Daga cikin waɗannan alamu akwai ragowar ganuwa, tsingaro, duwatsun niƙa, kashin maƙera da tsofaffin rijiyoyi.

Ya kamata mu bambanta kalmar da wasu biyu da ake yawan haɗa su da ita. Kango gini ne guda wanda babu kowa a cikinsa, kufai kuwa mazauni ne baki ɗaya. Kayan tarihi kuma su ne abubuwan da ake adanawa saboda daɗewarsu, ko an tono su daga kufai ko kuwa an gaje su.

A ƙasar Zazzau muna da misalai. Ana kiran tsohon garin Turunku kufai, domin tarihin baka ya nuna nan ne mazaunin sarautar Bakwa Turunku kafin a dawo Zariya a ƙarni na 16. Haka ma ragowar ganuwar da ke gindin dutsen Kufena. Amma birnin Zariya ba kufai ba ne, tunda jama'a na cikinsa. Ganuwarsa da ƙofofinsa, kamar Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, wuraren tarihi ne. Haka nan Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim.

Masana na Jami'ar Ahmadu Bello kan yi bincike a irin waɗannan wurare, kuma zurfin da aka samu abu a cikin ƙasa na taimaka musu wajen gane shekarunsa. Saboda haka duk wanda ya haƙa kufai ba bisa ƙa'ida ba ya ɓata shaidar da ba za a sake samu ba.

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta haramta fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba. Muna kira ga jama'a da su guji ɗibar ƙasar ganuwa don yin gini, kuma wanda ya tsinci wani abu a gona ya sanar da mai unguwa ko hakiminsa.