Daga "Albarka" Zuwa Farashin Da Kwamfuta Ke Yanke Maka



Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari sayen shadda ya san cewa kafin ya buɗe baki mai shago ya gama karanta shi. Ya kalli takalminka, ya kalli wayar da ke hannunka, ya ji irin Hausarka, sannan ya yanka kuɗi. Kai ma ba kanwar lasa ba ne: ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka. Ko da an cuce ka, ido da ido aka yi, kuma shago na gaba taku uku ne. Tarihin da za mu bi yau mafi yawansa a Amurka ya faru, kuma labari ne na yadda aka binne irin wannan ciniki, bayan shekara ɗari da ɗoriya kwamfuta ta tono rabinsa. Rabin mai shago ta tono.

Turawa ma da ciniki suka tashi. A Ingila ta ƙarni na 17 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker ne suka yi suna da ƙin sa. A wajensu, ka faɗi kuɗin da ka san ba shi za ka karɓa ba ƙarya ce. Da farko sun rasa masu saye, daga baya jama'a suka gane ko yaro ka aika shagonsu ba za a cuce shi ba. A ƙarni na 19 manyan kantuna suka ɗauka, irin su Bon Marché na birnin Faris da kantin John Wanamaker, wanda ya fara kasuwanci a Filadelfiya a 1861. Su kam ba tsoron Allah kaɗai ya kai su ba. Mai yaran shago ɗaruruwa ba zai iya koya wa kowanne ciniki ba, gara ya maƙala takardar farashi a jikin kaya kowa ya huta.

Ana cikin haka jirgin ƙasa ya ɓullo da wata cutar. Kamfanonin jirgin Amurka na 'yan kasuwa ne, kuma garin da layi ɗaya kacal ya ratsa ba shi da zaɓi. Manomi yakan biya kuɗin dako mai yawa a gajeriyar tafiya fiye da wanda ake biya a doguwa, don kawai a doguwar akwai gasa. Manyan attajirai kuwa ana yi musu ragi a ɓoye. Wanda ya fi kowa cin moriya shi ne John D. Rockefeller, da ya kafa kamfanin mai na Standard Oil a 1870. A 1872 aka ƙulla wata yarjejeniyar sirri da sunan South Improvement Company, wadda ta wuce ragi: har daga kuɗin dakon da abokan hamayyarsa za su biya za a yanko masa kaso. Ku yi tunani, kai ke biya, wanda ke neman karya ka ke karɓa. Asiri ya tonu, masu haƙar mai na Fensilbaniya suka tayar da ƙayar baya, yarjejeniyar ta rushe, amma ragin ɓoye bai tsaya ba.

A 1887 majalisar Amurka ta yi dokar Interstate Commerce Act, kuma abin da ta fi matsawa a kai shi ne ya ja hankalinmu. Ta ce kuɗin dako ya zama na adalci, kada a fifita wani a kan wani, sannan a wallafa shi kowa ya gani. 'Yan majalisar sun gane cewa duhu ne abincin wannan cuta.

Nan ne alƙalami ya shigo, kuma saboda wannan muka ga batun ya dace da zaurenmu. Ida Tarbell 'yar wani ƙaramin mai harkar mai ce, tana yarinya ta ga yadda rikicin 1872 ya girgiza gidansu. Da ta girma ba zagi ta zauna yi ba. Shekaru ta kwashe tana bin takardun kotu da rahotannin majalisa, tana hira da mutanen kamfanin kansu. Daga 1902 ta fara fitar da abin da ta gano kashi-kashi a mujallar McClure's, a 1904 ya zama littafi. A 1911 Kotun Ƙoli ta tarwatsa Standard Oil zuwa kamfanoni 34. Ba rubutunta kaɗai ya yi aikin ba, amma shi ya sa talaka ya fahimci lissafin da aka ɓoye masa. Mu da muke rubuta labarin azzalumin attajiri cikin dare ɗaya ba tare da mun san yadda yake samun kuɗin ba, akwai abin dubawa a nan.

Masanin tattalin arziki Arthur Pigou ya kasa bambanta farashi gida uku a 1920. Na ƙololuwa shi ne a karɓi iyakar abin da kowane mutum zai iya biya, shi kaɗai. A zamaninsa wannan lissafin allo ne kawai, don babu kamfanin da zai san zuciyar mutum miliyan.

Jirgin sama ya fara rage tazarar. A 1978 gwamnatin Amurka ta cire hannunta daga ƙayyade kuɗin tikiti, sai wani sabon kamfani, People Express, ya shigo da araha mai ban mamaki. American Airlines ba zai iya sauke farashin duk kujerunsa ba, amma yana da rumbun kwamfuta mai suna Sabre. A watan Janairun 1985 ya fito da tikiti masu arha waɗanda sai ka saya tun da wuri, kwamfuta na lissafa kujera nawa za a sayar da araha a kowane jirgi, nawa za a ajiye wa ɗan kasuwar da zai zo a gurguje ya biya ko nawa ne. Zuwa 1987 People Express ya zama tarihi. Tun daga nan mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya ninkin ɗaya.

Har a lokacin kujera ake yi wa farashi. Intanet ce ta juyo da idon kan mutum. A watan Satumban 2000 masu sayen faifan DVD a Amazon suka lura kowa da kuɗin da ake nuna masa. Jeff Bezos ya ce gwaji ne na kan-mai-uwa-da-wabi, ya amsa kuskure ne, aka mayar wa mutane rarar kuɗinsu. A 2012 jaridar Wall Street Journal ta gano shafin kantin Staples yana canza farashi gwargwadon inda yake zaton kake, musamman nisanka da kantin abokin hamayya. Abin takaici, unguwannin da suka fi samun ragin sun fi karkata ga na masu hali. Cutar manomin layin dogo ce ta dawo da sabuwar riga. A watan Yulin 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta nemi bayanai daga kamfanoni 8, ciki har da Mastercard da McKinsey, kuma a rahoton farko na Janairun 2025 ta ce ana iya amfani da wurin da kake, shafukan da ka buɗe, kayan da ka bari a kwandon sayayya, har da motsin linzamin kwamfutarka.

Kamfanoni na da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce da farashi ɗaya, ɗalibi ba zai hau jirgi ba. Mu ma ai muna yi: marubuciya ta buɗe gurufin karatu na kowa da kowa, ta buɗe na VIP da ya fi tsada. Sai dai ta rubuta duka biyun a fili, mai karatu ya zaɓa. Da a ce za ta leƙa hoton kowace mai karatu ta yanka mata kuɗi a asirce, ranar da aka gane sai gurufin ya watse.

Don haka muna tare da masu cewa a sa doka, kuma daga inda aka fara a 1887 za a fara. Tarayyar Turai tun 2022 ta wajabta wa mai sayarwa a intanet ya faɗa idan na'ura ce ta yanka maka farashi na kanka, jihar Niyok ma ta yi irin wannan doka a 2025. Mun san sanarwa kaɗai ba ta isa ba, don ba za ka iya ce wa manhaja albarka ta kira ka ba. Ya kamata a ja layi a kan abubuwan da ba za a taɓa lissafa farashi da su ba, kamar rashin lafiyar mutum ko matsuwarsa.

A gida Najeriya muna da hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa, da Dokar Kare Bayanai ta 2023. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja bisa zargin farashin kan kanta ya saɓa da na wajen biya. Jami'i ya iya kama wannan ne don takardar na nan a maƙale, ya ɗauki hotonta. Farashin da waya ta nuna maka da ƙarfe goman dare kuwa kai kaɗai ka gan shi, kafin safiya ya canza. Wanda ke da wayoyi biyu a gida ya gwada neman tikitin jirgi ko motar haya ɗaya a lokaci ɗaya, ya ajiye hoton allon kowacce, ya kawo mana nan ƙasa.