Zare: Fanfon garinmu, Tungan Magajiya da sandar awon magani

1/ Da na je gida hutu, na tarar fanfon tuƙa-tuƙa da wata ƙungiyar agaji ta kafa mana a ƙauye ya shekara biyu ba ya ba da ruwa. Allon da ke ɗauke da sunansu kuwa yana nan garau, ko fenti bai koɗe ba. Haushin abin ne ya sa na bi tarihin aikin agaji a ƙasar Zuru. Ku biyo ni.

2/ Ga wanda bai san yankin ba: masarautar Zuru ta ƙunshi Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. Zamanin Turawa muna ƙarƙashin Kontagora, a 1976 aka mai da mu Jihar Sakkwato, a 1991 muka dawo Kebbi. Duk inda aka ajiye hedikwata, mu dai muna can ƙarshen hanya.

3/ Kafin kowace ƙungiya ta zo, mutanenmu na da nasu tsarin. Dakarkari na da golmo: saurayi da tsaransa su yi wa mahaifin yarinyar da zai aura noma, shekara da shekaru, har bakwai. Ga kuma gayya. Wato haɗa ƙarfi a yi aiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Baƙin farko da suka zo da sunan taimako 'yan mishan ne na UMS daga Amurka da Kanada. Banfield ya kafa musu tasha a Shonga, ƙasar Nufe, a 1905, suka yi ta hawowa arewa har suka iso Zuru a shekarun 1920. Wa'azi ne ya kawo su, ba su ɓoye ba. Amma sun zo da karatu da ɗakin shan magani.

5/ Babban abin da suka bari shi ne asibitin Tungan Magajiya, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja, kusa da mu. Kakata ta ce a kan jaki aka kai ƙanenta can, kuma ba wanda ya tambaye su addininsu a bakin ƙofa. Musulmi, Kirista, mai bin gargajiya, layi ɗaya.

6/ Abin da ya ja hankalina shi ne sun koyar da 'yan ƙasa aikin jinya da malanta. Da Turawan suka tattara suka tafi, aikin ya koma hannun cocin UMCA. An sha wahala, kuɗi ya ja baya, amma dai akwai wanda ya san yadda ake yi.

7/ Misali na biyu, wanda na fi so: makantar bakin kogi. Wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ne ke yaɗa ta. Ana fara da ƙaiƙayin da ke hana barci, fata ta lalace, daga baya ido ya tafi. A 1987 kamfanin Merck ya ce zai ba da maganin Mectizan kyauta har iya lokacin da ake buƙata.

8/ To magani ya samu, wa zai kai shi ƙauyen da mota ba ta shiga da damina? Shirin APOC da aka kafa a 1995 ya ce gari ya zaɓi mai rabo daga cikinsa. A Kebbi, ƙungiyar Sightsavers ce ta tallafa wa ma'aikatar lafiya a wannan aiki.

9/ Kawuna ya yi wannan rabo. Kayan aikinsa duka: littafin sunaye da sanda mai zane-zane. Ka tsaya jikin sandar, tsawonka ya nuna ƙwaya nawa za ka sha, daga 1 zuwa 4. Ƙananan yara da masu juna biyu ba a ba su. Sau ɗaya a shekara, gida-gida, ba albashi. Wani lokaci a ba shi ɗan dawa, wani lokaci "sannu da aiki" kawai.

10/ Kun ga gayya ce fa aka sa wa sabuwar riga. Shi ya sa ta zauna. Ni dai a tsarata ban san wanda wannan cuta ta makantar ba, alhali tsofaffi na lissafo su da suna.

11/ Yanzu ku dubi fanfonmu. Sun zo da injin haƙa, kwana uku, aka ɗauki hoto, aka tafi. Ba wanda aka nuna wa yadda ake zaro bututu, ba a ce ga inda ake sayen kayan gyara ba. Mu ma fa da laifinmu, mun zauna muna jiran "masu fanfo" su dawo.

12/ Kuma jiran ya ƙara zama banza. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba, ma'aikatan agaji na tsoron hanya, sannan a 2025 Amurka ta rufe USAID. Ƙannena mata kuwa kullum da asuba suna hanyar rafi, a wannan yanayi.

13/ Na kira wani makaniki a Zuru, ya ce mai yiwuwa robar ciki ce kawai ta cinye. Mun yi magana da mai gari, bayan girbi kowane gida zai kawo mudu biyu na dawa, kuma samari biyu za su tsaya kansa su koya. In a garinku an taɓa gyara irin wannan, ku faɗa min nawa ya ci muku.