Daga Sararin Sama Zuwa Cikin Tokamak: Tarihin Awon Hargitsin Filasma

A watan Disamba na 1924, Edward Appleton da ɗalibinsa Miles Barnett suka ari tashar BBC ta Bournemouth a Ingila, suka kafa na'urar kama sauti a Oxford. Aka riƙa sauya tsawon igiyar rediyon sannu a hankali, sautin kuwa yana ƙarfi yana rauni. Dalili shi ne igiyar ta kasu biyu: ɗaya ta bi doron ƙasa, ɗaya ta hau sama ta ci karo da wani abu ta dawo. Da suka yi lissafi, abin yana can nisan kusan kilomita 100. Wannan ce shimfiɗar iska mai cajin lantarki, wato ayonosifiya, wadda ke dawo da shirye-shiryen gajeren zango har su iso Kano da Damagaram. Appleton ya samu kyautar Nobel a 1947.

Iska mai irin wannan caji ita ake kira filasma, kuma tana da wata ɗabi'a: igiya na ratsa ta har zuwa inda ƙwayoyin ilektron suka yi cunkoson da ya fi ƙarfinta, a nan sai ta juyo kamar amsa-kuwwa daga dutse. Igiyar da ta fi saurin kaɗawa ita ke kutsawa ciki sosai. A sama, megahaz kaɗan sun wadatar. A cikin injin haɗa ƙwayoyin zarra kuwa, inda cunkoson ya ninka na sama sau miliyan ɗari, sai an kai wajen gigahaz 90, zangon maikirowef ke nan.

Masu binciken haɗa ƙwayoyin zarra sun daɗe da ciwon kai guda. Tokamak, injin da Igor Tamm da Andrei Sakharov suka tsara a Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1950, yana tsare filasma da maganaɗisu a cikin zobe. A 1968 Rashawa suka ba da sanarwar cewa injinsu T-3 ya kai zafin digiri miliyan 10. Ba a gaskata su ba sai da tawagar Culham ta Birtaniya ta je da na'urar leza ta tabbatar a 1969. Amma zafin yana zurarewa da saurin da ya wuce lissafi nesa ba kusa ba. Aka zargi hargitsi, ƙananan guguwoyi masu kwashe zafi daga tsakiya zuwa gefe. Zargi dai ba hujja ba ne, kuma babu ƙarfen da za a cusa cikin wannan wuta ya fito lafiya.

A 1976 Ernesto Mazzucato ya haska maikirowef cikin tokamak ɗin ATC a Princeton, ya ga alamun guguwoyin a yadda igiyar ta warwatsu. Sai dai wannan hanya ba ta faɗin takamaiman wurin da abin ke faruwa. Dabarar Appleton kuwa tana faɗa, tunda an san inda igiya ke juyowa. A tsakiyar shekarun 1980 aka yi amfani da ita a tokamak ɗin TFR na Faransa don auna cunkoson filasma daga gefe zuwa ciki.

A ganina, nan ne labarin ya fi daɗi. Masu awon cunkoso sun ɗauki rawar da igiyar ke yi a matsayin ƙazanta mai ɓata musu aiki. Ashe rawar ita ce sawun hargitsin da ake nema. Bayan Fritz Wagner ya gano a 1982, a injin ASDEX na Garching a Jamus, cewa filasma kan faɗa wani yanayi da riƙon zafinta ke ninkawa kusan biyu, awon da aka yi a tokamak ɗin DIII-D na San Diego a farkon shekarun 1990 ya nuna hargitsin gefe na lafawa nan take idan an shiga yanayin. A 1993 Mazzucato da Raffi Nazikian suka aika igiyoyi biyu masu juyowa daga wurare maƙwabta a cikin tokamak ɗin TFTR, suka kwatanta su, suka gano faɗin guguwoyin bai wuce 'yan santimita ba.

Akwai kuma wata matsalar da ta zama alheri. Idan eriya ta ɗan karkace, kaɗawar igiyar da ta dawo takan goce gefe guda, abin da aka daɗe ana ɗauka kuskure ne. Wajen shekarar 2000, masu bincike a injin W7-AS da wasu wurare suka fara karkata eriyar da gangan, domin gocewar, bisa ƙa'idar Doppler, tana faɗin saurin da guguwoyin ke gudu da shi. Fassara sakamakon fa har yau aiki ne ja, sai an haɗa da lissafin kwamfuta.

Injin ITER da ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa, zai yi aiki da zafin digiri miliyan 150, kuma an tanadar masa irin waɗannan na'urori. Eriya da bututun ƙarfe kawai za su fuskanci wutar, sauran kayan lantarki na can nesa bayan katangar kariya.